Lamba Arba'in da Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina durƙushe gaban inji
a bakin gulbi, nan Kwalkwalawa.
Baƙin mai ya shige mini farce har ya zama ɗan gida.
In injin ban-ruwa ya yi tari daga nesa
na san ciwonsa tun ban jingine kekena ba.
Arzika likitan inji, haka masu albasa ke kirana.

Sai ga shekarar da fetur ya fi ƙarfin Nomau.
Ya sayar da tumaki huɗu, ya ɗauko farantan sola,
ya jera su a gona suna kallon sama
kamar masu jiran a faɗa musu wani abu.
Ruwa ya taso. Ba hayaƙi, ba tari, ba ni.
Na tsaya da sufana a hannu
ina kallon abincina yana gudu cikin fangali.

Ran da nasa ya tsaya, ya aiko a kira ni, don sabo.
Na buɗe akwatin, wayoyi ja da baƙi,
da wasu lambobi masu ƙyafta ido.
Na kara kunne. Shiru.
Abin da ba ya kuka, ta ina za ka ji ciwonsa?
Na ce, "Nomau, wanga ba mu gaisa ba tukuna."

Ige ta ce, "Kai da furfura har cikin kunne?"
Na ce, "An ce gemu ba ya hana ilimi,
bari in kai nawa a gwada."
Na ciro takardar sakandare daga ƙasan adaka,
gara ta ci kusurwa, ta bar mini sunana.
Kwalejin fasaha, ajin Asabar da Lahadi.
Tsohon janaretana ya tafi, ya dawo rasit.

Na zauna can baya, gwiwa ta ƙi shiga benci.
Yara sunka miƙe, sun ɗauka ni ne malamin.
Sai ga malamar, Injiniya Kulu,
ɗiyar Modi mai tumatir, wadda na taɓa goyawa a keke
ran da ƙaya ta soke ta a fadama.
Ta ce, "Baba!"
Na ce, "Nan ɗalibi nike. Lamba arba'in da bakwai."

Lissafi ya kā da ni, sha tara bisa ɗari.
Na ninke takardar na cusa cikin hula,
na iso gida da ita tana ƙuna a ka.
Bayan isha'i jikana Jabbi ya zaunar da ni a tabarma,
zufa na ɗiga kan littafi.
"Kaka, nan rabawa ake, ba tarawa ba."
Na ce to.
Rabon da in ce wa yaro to, na manta.

Amma ran da anka fita fili, famfo ya ƙi jan ruwa.
Sun duba mita, sun duba littafi, komai daidai.
Na durƙusa na ɗora tafin hannu kan bututu:
iska ce ta shiga, roba ta saki daga gindi.
Kulu ta ce, "Ku matso, ku rubuta abin da zai faɗa."
Hannuna na rawa, na ɓoye shi cikin riga.
Ashe talatin da ɗayan nan ba su zube ba.

Yanzu sufana da mita jaka guda suke kwana.
Ranar Sakkwato da na ƙare ƙuruciya ina guje mata
daga wannan darbejiya zuwa waccan,
yau ni ke auna ta, in karkata faranti ta faɗo daidai,
in ce mata, kama aiki, albasa na jira.

Saura zango biyu in karɓi takarda.
An ce akwai darasin batir a gaba, mai ɗaci.
Na sayi sabon biro. Ige ta ɗinke hannun jakar.
Asabar, ƙarfe takwas.
Bari in tashi in ba kekena iska.